Tsohuwar jif ta zama motar zuwa aiki kullum, za ta yi kuwa?

Baban Yara: Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Na samu Land Cruiser 60, ƙirar 1986, mai injin gas 2H, giyar hannu. Mai ita dattijo ne, ya ce ya gaji da tuƙi. Bodinta lafiya lau, kuma a gabana ta tashi bugu ɗaya. Tunanina in sayar da ƙaramar motata in riƙa zuwa aiki da ita. Kilomita 17 ne zuwa, 17 dawowa, duk kwalta, sai dai rabin hanyar cunkoso ne safe da yamma, kuma ni ke sauke yara a makaranta. Waɗanda suka taɓa riƙe irinta, me kuka gani? In akwai wadda ta fi ta dacewa ma ku faɗa min.

Mai Faci: Wa alaikumus salam. Saya, amma kar ka sayar da ƙaramar.

Direban Dare: Bugu ɗaya da sanyin safiya, ko bayan ya ɗuma ta kafin ka iso? Koma ba tare da ka sanar da shi ba, ka dafa injin ka ji shi da sanyi, sannan a tayar maka.

Kawu: Da tsohuwar zuma ake magani. Motocin yanzu ai kwamfuta ce aka sa wa taya.

Tsohon Ma'aikaci: Ɗan'uwa, abin da kake shirin yi ni na yi shi, shekara biyu da wata huɗu. Ba zan faɗi sunan motar ba, don ina faɗa za a mai da zancen faɗan kamfani, alhali laifin nawa ne da na wanda ya sayar min. Mai silinda shida ce dai, fetur, mai kafireto.

Wata ukun farko ji nake kamar sarki. Kana sama kowa yana ƙasa, rami ba ya gabanka, ƙananan motoci suna ba ka hanya. Sai zafi ya shigo. Abin da ban sani ba shi ne waɗannan motocin iskar tafiya suke so. In tana gudu iska na ratsa lagireto, allurar zafi ko motsi ba ta yi. In ka tsaya cikin cunkoso kuwa fanka ce kaɗai gatanka, ita kuma fankar tana da wani ɗan kulochi mai mai a ciki, in ya tsufa sai ta riƙa juyin banza. Da ido za ka ga tana juyawa, amma ba ta jan iskar kirki. Nawa ashe ya mutu tun kafin in saya. Lagireton ma rabinsa a toshe yake, don mai ita na da ruwan famfo zalla yake ɗura mata shekara da shekaru.

Wata yamma muna kan gada, ba gaba ba baya, ba wurin raɓewa gefe, na ga allura tana hawa a hankali. An taɓa gaya min in haka ta faru a kunna hita a ƙure, tana rage wa injin zafi. Gaskiya ne, tana ragewa, amma cikin motar take juye shi. Yara biyu a baya sun jiƙe sharkaf, ƙaramar tana kuka tana cewa ƙafarta na ƙuna. Da kyar muka sauka daga gadar. Na kashe mota, na ji gaba yana ɓararraka. Maimakon in haƙura ta huce, sai na sa tsumma na murɗe murfin lagireto. Tabon yana nan a bayan hannuna na dama har gobe. Ban daddara ba, na karɓi jarkar ruwan sanyi na ɗura wa injin da ke tafasa. Gaskit ya ƙone, kan injin ya tsage, janwe ne ya kai mu gida. Sati biyar tana gareji ana neman kan injin, ni kuwa na riga na sayar da ƙaramar motata, kullum ina roƙon maƙwabci ya rage wa yara hanya.

Ban ma yi zancen mai ba. Tawa a cikin gari lita 20 take sha a kilomita 100, wani lokacin fiye. Taka ta gas ce, ba za ta kai haka ba. Amma kulochi ɗaya ne, ka shirya gwiwarka ta hagu.

Direban Dare: Subhanallahi. Allah ya kiyaye gaba, Baba.

Kawu: Ni na san motar. Ba sai ka faɗa ba 😂

Tsohon Ma'aikaci: Kawu, ba ka sani ba, kuma ba zan faɗa ba.

Mai Defender: Duk wannan wahalar ta mai sifirin ganye ce. Baban Yara, in har tsohuwa kake so ta kullum, nemi Defender mai injin 300Tdi, daga 1994 zuwa 1998. Sifirin ɗinta naɗaɗɗe ne, tayoyi huɗun kullum a cikin aiki suke, ba ruwanka da sa wannan cire wancan, kuma injin lita 2.5 ne, ba ya shan gas kamar 2H mai lita 4.

Mai Faci: Sai dai ya haɗa da faranti na tarar baƙin mai a ƙarƙashinta.

Mai Defender: Tsohon zance. Wace mota ce mai shekara talatin ba ta ɗiga?

Kawu: Ku da gwiwar hannunku take waje kullum saboda ƙofa ta matse ku. Mutum zai je aiki ko zai je fareti?

Mai Defender: Ai shi ya sa aka yi ta ƙera ta har Janairun 2016, don ba a so.

Kawu: Ita kuma Land Cruiser 70 tun 1984 ake yin ta, har yau ba a daina ba. Sai kuma me?

Mai Defender: Bodinmu alminiyom ne, ba ya tsatsa.

Oga Bakanike: Bodin ba ya yi, shasin da bangon gaban direba ƙarfe ne, suna yi har su ɓule. Ku bar wannan, bawan Allah tambaya ya yi.

Malam, 2H injin kirki ne. Ba shi da taimin bel da za ka kwana da fargabar tsinkewarsa, haƙoran giya ne ke juya shi. Ba shi da tobo, dokinsa ɗari da 'yan kai ne a mota mai nauyin kusan tan biyu, don haka ka manta da tsere a fitilar hanya. Tambayi dattijon giya huɗu ce ko biyar, in huɗu ce a babban titi ihunta zai ishe ka. Buɗe gaba ka ƙirga batir. Wasu daga cikin na gas ɗin nan bolt 24 ne, batir biyu a haɗe, tare ake canja su, kuma kar ka yarda wani rewaya ya ja maka wayar rediyo daga guda ɗaya, kashe shi zai yi ya ja ɗayan.

Sai ka shiga ƙarƙashinta da tocila da ƙaramar guduma. Ba bodi ake saya ba, shasi ake saya. Ƙwanƙwasa ta baya, wajen da sifirin ya kama, in ka ji ƙarar ta mutu ko ɓawo yana zubowa, ka yi sallama ka tafi. Leƙa bayan tayoyin gaba, wurin dunƙulen nan da taya ke juyawa a kai. In ka ga baƙin kwaɓi yana tsiyaya, man aksul ne ya haɗu da giris, sai an kwance an canja sil. Tiyon birki na roba, tiyon lagireto, fambel, man birki, duk ka ɗauka sun mutu ka canja su a satin farko ko da sun yi kyau a ido. A wanke lagireto, a gwada kulochin fankar da Baba ya faɗa.

Ogzilari kuma, a kwalta sandar ta zauna a H2, wato tayoyin baya kaɗai ke ja, makullan tayoyin gaba a buɗe. Wannan motar ba ta da abin da ke raba juyi tsakanin gaba da baya, in ka sa H4, wato tayoyi huɗun su ja, a busasshiyar kwalta duk kwanar da ka sha ƙarafan suna murɗe juna, sitiyari ya yi tauri, taya ta riƙa ƙara, wata rana wani abu ya karye. Amma sau ɗaya a wata kulle makullan ka ɗan zaga, don mai ya wanke na gaban.

Baban Yara: Na gode Oga, na kwafe duka. Batir biyu na gani kuwa.

Hajiya Mai Pajero: Duk kuna ta zancen inji, ba wanda ya tuna ya ce shi ke kai yara makaranta. Malam, motar 1986 ba ta da jakar iska, ba ta da ABS mai hana taya kullewa in an taka birki, birkin baya na ganga ne. Duba kujerar baya ka ga ko akwai bel, kuma wane iri, wasu na ƙugu ne kawai. In an sa mata dogayen bencin nan masu kallon juna a can baya, kar ka zaunar da yaro a kai. Mota ce mai tsayi, ba a fizgar sitiyarinta kamar ƙaramar da ka saba. Ni Pajero nake ja ta ƙarni na biyu, wadda aka fara a 1991, mai Super Select, ana iya barin ta a taya huɗu a kan kwalta in ana ruwa. Ga sanyin esi, ga giya mai canja kanta. Shekarata shida da ita ina zuwa aiki.

Kawu: Hajiya, Pajero kuma yaushe ta zama tsohuwar mota?

Hajiya Mai Pajero: Ta haura shekara talatin, Kawu. Ta girmi wasu a nan.

Direban Dare: Da ni ake, na ji.

Mai Faci: Tunda an zo fannina. Cire mata tayoyin laka in su ne a kai. A kwalta gurnani suke, suna ƙara shan mai, in an yi ruwa kuma birki ba ya kama su da wuri. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen taya, biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. Motar dattijo da ba ta fita, zanen tayar zai yi kamar sabo alhali robar ta bushe.

Ɗan Patrol: Ba wanda zai ambaci Patrol Y60 mai injin TD42? Lita 4.2, shi ma haƙoran giya ne, ga naɗaɗɗen sifirin tun 1987, shekara uku kafin Land Cruiser 80 ta samu nata.

Kawu: Ga wani kuma ya farka.

Mai Defender: Mu tun 1983 muke kan naɗaɗɗe, a Land Rover 110. Range Rover ma tun 1970.

Ɗan Patrol: To ku ja tirela mu gani.

Hajiya Mai Pajero: Mutumin nan makaranta zai kai yara, wace tirela kuma?

Tsohon Ma'aikaci: Ni dai na faɗi tawa. In ka matsa sai ka saya, riƙe ƙaramar wata shida tukuna, ka riƙa fita da babbar kwana biyu a sati har ka san halinta, musamman ka ga yadda za ta yi da zafi.

Baban Yara: Na koma yau da sassafe ban sanar da shi ba. Sai a bugu na uku ta tashi, ta yi farin hayaƙi na kamar minti ɗaya sannan ya washe. Giya biyar ce. Shasin ya yi ƙara mai kyau sai gefe ɗaya ta baya da ɗan ɓawo. Tayoyin 2311 aka rubuta. Bel biyu ne kawai a baya, yarana uku.

Oga Bakanike: Hayaƙin ƙila fulogin ɗumi ne, ƙaramin aiki. Ɗauko min hoton ɓawon nan da kyau, ka kankare shi da sukundireba tukuna.

Mai Faci: 2011 ke nan. Har da safayar ma, duk biyar ɗin shara ne.

Ɗan Patrol: In ka fasa ka yi min magana ta gefe, ina da mai so.

Kawu: Kai da ka ce Patrol?