Layin dogo na Kano zuwa Nguru: da wane ma'auni za a gane ko ya cancanci a farfaɗo da shi?

Ɗan Ringim:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina digiri na biyu a fannin tsara birane da yankuna, bincikena kuma a kan tsohon layin dogon nan ne da ya tashi daga Kano, ya bi ta Ringim, Taura, Gagarawa, Malam Madori da Birniwa, ya tsaya a Nguru. Turawa ne suka kai shi Nguru a 1930 don kwasar gyaɗa da fatu da shanu, ya kuwa daɗe ba ya aiki yadda ya kamata. Idan gobe aka ce za a tayar da shi gadan-gadan, ta yaya za a auna ko ya dace?

Malamina ya fi son lissafin kashewa da amfani, wato a mayar da komai naira: kuɗin gyara a gefe guda, a ɗaya gefen lokacin da matafiya za su rage, da haɗarin mota da za a kauce wa, da lalacewar titi da za ta ragu. Ni hankalina ya fi kwanciya da hanyar ma'auni da yawa, inda ake ba muhalli maki, aikin yi maki, haɗa karkara da birni maki, sannan a tara. Damuwata da ta farko ita ce, da albashi ake ƙiyasta darajar lokacin mutum, ke nan awa ɗaya ta manomin Birniwa ba za ta taɓa kamo ta ma'aikacin Abuja ba, layin karkara ya faɗi tun ba a fara ba. Ta biyun kuma, duk mai riƙe da alƙalami yana iya karkata makin inda ransa ke so. Wacce zan kama?

Maman Hanifa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, bi maganar malaminka tukuna, don duk mai ba da rance da ita zai fara tambayarka. Amma kada ka ɗauki adadin da ya fito kamar wahayi.

A Sikotilan akwai layin da ya tashi daga Edinburgh ya gangara kudu, an rufe shi a 1969, aka sake buɗe wajen kilomita 48 nasa zuwa Tweedbank a Satumban 2015. Lissafin da aka yi kafin aikin ya nuna amfanin ba zai mayar da kuɗin ba. Da jirgi ya fara tafiya, fasinjojin shekarar farko sun haura miliyan ɗaya, kuma tashoshin can ƙarshen layi, na cikin karkara, su ne suka ninka hasashe, wasu na kusa da birni kuwa ba su kai abin da aka zata ba. Dalili a fili yake: ana gina hasashe ne a kan tafiyar da mutane ke yi yau, alhali wanda bai da abin hawa ba ya cikin ƙidayar.

Sai ka kula, Sikotilan tana da alƙaluman da za ta yi kuskure a kansu. Kai fa? Wa ya taɓa ƙirga masu hawa mota daga Taura zuwa Kano a ranar kasuwa? A nan aikinka yake, ba a zaɓen hanya ba.

Batun maki kuma, maganinsa ka bayyana nauyin da ka ba kowane ma'auni, sannan ka jujjuya shi. In ka rage wa muhalli ka ƙara wa kuɗi amma amsa ba ta sauya ba, ta tsayu. In ɗan taɓawa kaɗan ya kifar da ita, ka rubuta hakan ƙarara. Kada kuma ka gwada layin da zaman banza, gwada shi da zuba kuɗin nan a kan titin Kano zuwa Haɗejiya.

Alhaji Mai Riɗi:

Ni ban yi bokon nan naku ba, fatauci nake yi. Yaro, ajiye takarda ka je ka zauna bakin titi da kaka, ka ƙirga tirela. Me suka ɗauko, daga ina, zuwa ina, nawa aka biya a buhu. Ka koma da bazara ka sake ƙirgawa, za ka sha mamakin yadda titin ya yi shiru.

Dalar gyaɗa ce ta ciyar da layin nan, ita kuwa ta tafi tun shekarun 1970. Yanzu abin da ke fita daga yankin riɗi ne da zoɓo da ƙaro da dabbobi. To babbar kasuwar dabbobin ta Maigatari ce, ranar Alhamis take ci, kuma dogo bai je can ba. In zan tura kaya a jirgi, sai na yi lodi a mota zuwa tasha, 'yan dako su sauke, su ɗora a tarago, a can ma a sauke a sake neman mota. Kowane ɗagawa kuɗi ne, buhu na yagewa, wani na ɓacewa. Tirela kuwa ƙofar sito take zuwa.

Duk da haka gas ya yi tsada, ga masu tare hanya tun daga nan har Legas, kowa da hannunsa a miƙe. In jirgi zai ce mini ranar kaza zai tashi kuma ya tashi ɗin, zan ba shi kayana ko da ya fi jinkiri. Jirgin ruwa a Apapa ba ya jiran kowa. Ka sa cika alkawari a cikin makin naka, ka ba shi kaso mafi tsoka.

Baba Tsohon Reluwe:

Ɗana, Allah Ya yi albarka. A gyaran layi na yi aikina har na yi ritaya, don haka ta ƙasa zan yi maka magana.

Wane layi ake nufi? Tsohon faɗinsa milimita 1,067 ne. Sababbin da ake yi, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, milimita 1,435 ne. Taragon wannan ba ya hawa wancan. In ka gyara tsohon yadda yake, ya fi araha, amma kaya sai dai su bi tsohon layin Legas ko a juye su a Kano. In za ka faɗaɗa shi kuwa, sabon aiki ne, sunan gyara kawai ya ara. Lissafi biyu ne, kada ka haɗe su.

Sannan ruwa. Waɗanda suka auna gadoji da kwalbatocin layin nan ba su san madatsar Tiga ta 1974 ba, ba su san ta Challawa ta 1992 ba, ba su san kachalla za ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗejiya da Nguru ba. Ka ga abin da ambaliyar 2022 ta yi a Jigawa. Tudun da dogo ke kai tamkar madatsa yake: kwalbati ɗaya ya cike da yashi, ruwa ya taru a gonar mutane, ko ya yanke layin cikin dare. Masu rubutu kan ɗorewa suna son maganar hayaƙin da jirgi zai rage, daidai ne, amma a wurina ɗorewa ita ce, wa zai biya leburan da zai yashe kwalbati kowace shekara kafin damina? Kuɗin buɗewa kowa na samowa, don akwai hoto da yanka ƙyalle.

Taka da ƙafarka ko daga Ringim zuwa Taura ne. Duba inda aka kwance ƙarafa, da inda aka yi gini ko shuka a filin reluwe. Mutanen nan sai an yi maganar diyya da su, ko da takarda ta ce filin ba nasu ba ne.

Injiniya Bature:

Baba ya gama magana. Ƙari kaɗan: dokar binciken tasirin ayyuka a kan muhalli ta 1992 tana nan, kuma dausayin Nguru na cikin jerin Ramsar, wato jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya, tun 2000, ba wurin da za a yi wa rahoton jeka-na-yi-ka ba ne. Gyaran kundin tsarin mulki na Maris 2023 kuma ya ba jihohi damar shiga harkar jirgin ƙasa. Layin ya ratsa Kano da Jigawa da Yobe, mafi yawansa a Jigawa, ciniki kuwa Kano zai fi kwarara. Jimilla ɗaya tana ɓoye wannan. Raba lissafin jiha-jiha, ka ga wa zai biya, wa zai ci.

Ban yarda da Maman Hanifa kan misalin Sikotilan ba, can fasinja ne, nan kuwa in ba kaya layin ba zai ɗauki kansa ba.

Ɗan Ringim:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Zan kai wa malam shawarar lissafi biyu, na ƙaramin layi da na babba, kowanne a gwada shi da gyaran titi. Alhaji, a wane wata riɗi ya fi fita, kuma a ina ya kamata in zauna don ƙirgar, mahaɗar Gagarawa ko Malam Madori? Ina tsoron direbobi su ɗauke ni ɗan karɓar haraji su ƙi tsayawa.