Koyon Turanci a kasuwar intanet: abin da na tsinta a majalisarmu

Daren Juma'a hira ta kai mu kan yadda mai sayayya a Jumia ko Konga zai riƙa tsintar Turanci yana cikin cinikinsa. Wani malamin sakandare da ke cikinmu ya ce a fara da kalmomin da ke maimaita kansu a kowane shafi: "add to cart", wato jefa kaya a kwando, da "out of stock", wato kaya sun ƙare. Ya ce a rubuta biyar kullum a ɗan littafi, kada a zarce haka.

Inda aka fi daɗewa shi ne bambancin "return" da "refund". Na farko mayar da kaya ne, na biyu dawo maka da kuɗinka. Ni kaina na taɓa rikita su a saƙon da na tura wa wani mai sayar da takalma, muka yi kwana uku muna kai-komo.

Kan nahawu, shawarar da ta fi burge ni ita ce a lura da saƙonnin waya. "Your order has been shipped" na nufin an riga an turo kayan, "will be delivered" kuwa za a kawo nan gaba. Kwatanta farashi kuma na koya maka "cheap, cheaper, cheapest", wato mai araha, wanda ya fi araha, da wanda ya fi duka araha.

Wata ƴar'uwa ta ce a karanta ra'ayoyin masu saye, amma a yi hattara, da yawa cikinsu Turancinsu a karye yake.