Neman shawara: giya tana ƙin sauka daga uku zuwa biyu in mota ta ɗau zafi

Ɗan Gareji: Assalamu alaikum, manyanmu. Motar tsere ce da ake gwaji da ita a filin Kyalami, kusa da Johannesburg. Giyabos ɗin mai giya shida ne, irin wanda ake bi ɗaya bayan ɗaya, kuma iska ce ke tura giyar. Kunnuwa biyu ne a bayan sitiyari, na dama hawa, na hagu sauka. A kan jak komai na shiga lafiya lau. Zagaye huɗu ko biyar na farko ma babu matsala. Daga na shida, in direba ya taka birki zai sauko daga biyar zuwa biyu, biyar zuwa huɗu ta shiga, huɗu zuwa uku ta shiga da ƙyar, uku zuwa biyu ta ƙi. Lambar giya ta ɓace daga allo na ɗan lokaci, sannan ta dawo uku. Hawa kuwa ba ya ƙi. An ce mu sauke giyabos mu buɗe. Ina neman shawara kafin mu taɓa shi.

Oga Iska: Wa alaikumus salam. Kada ka sauke komai tukuna. Giyar da ta ƙi ita ce ta uku a jere cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, kuma sai mota ta yi zafi. Wannan kamannin ƙarancin iska ne. Galibin irin waɗannan na'urori suna aiki da matsin iska tsakanin bar 6 zuwa 9 (bar ma'aunin matsi ne), kowane canji yana ɗiba daga tanki, kwamfaresa kuma ba ta iya mayarwa cikin wannan ɗan lokacin. Abin da tanki ya riƙe lokacin da aka taka birki, da shi za a yi duka saukar.

Ga lissafin. Silindar iska da ke tura giya, mai faɗin milimita 32, a bar 8 tana tura kusan kilo 65. A bar 5 ta koma kilo 41. In kuma sauka a ɓangaren ja take, inda sandar fistin ta cinye wani fili, da sanda mai kaurin milimita 12 ka sake rasa kashi 14 cikin ɗari, wato kilo 35 kacal. Shi ya sa hawa ke shiga sauka na ƙi, alhali tanki ɗaya suke sha.

Cika tanki har kwamfaresa ta tsaya, ka kashe komai, ka zuba wa ma'auni ido minti biyar. Allura ba ta da dalilin motsi sosai. In tana sauka, kaɗa ruwan omo ka shafa wa kowace mahaɗa, da bakin bawul mai sakar wa silinda iska, da inda sandar silinda ke fita. Ka yi gwajin da zarar mota ta shigo da zafinta, don tiyon roba da ya bi kusa da salansa sai ya yi laushi yake sakin iska. Ka kuma tuna Kyalami tana kan tudu kusan mita 1,500, iskar can ta fi ta bakin teku sauƙi da kimanin kashi 15 cikin ɗari, kwamfaresa takan daɗe kafin ta cika tanki, ta kuma fi yin zafi.

Injiniya Mai Kwamfuta: Na yarda da Oga, amma a tabbatar da hujja. Ɗan'uwa, me na'urar naɗar bayananka ke ɗauka, kuma sau nawa a daƙiƙa? Canjin giya gaba ɗayansa bai fi milisakan 50 zuwa 100 ba. In kana ɗauka sau 10 a daƙiƙa, ɗigo ɗaya za ka gani. Kai shi 500 aƙalla a kan waɗannan: latsa kunne, umarnin bawul, volt ɗin sensar ganga (ƙarfen da ke juyawa a cikin giyabos yana zaɓar giya), juyin inji da buɗewar totur. Matsin iska da ƙarfin batir 50 ya ishe su.

Sannan ka bi su a jere. Kwamfuta ta ga an latsa kunnen? In ba ta gani ba, laifin makunni ne, ko wayar nan mai murɗe da ta tashi daga sitiyari, ko filoginta. In ta gani amma ba ta ba bawul umarni ba, ƙi ta yi da gangan, don ta lissafa cewa giya ta biyu za ta kai inji sama da iyakarsa. Wannan ba lalacewa ba ce, direba ne ya yi gaggawa. In kuwa umarni ya fita ganga ba ta kai ba, sai mu koma maganar iska da totur.

Oga Waya: Ɓacewar lamba a allo kan ruɗi mutane su je su sayi sabuwar sensa a banza. Sensar tana kan gangar zaɓen giya, tana ba da volt tsakanin 0.5 da 4.5, kowace giya da nata wurin. Dubi zanen volt ɗin: in ya yi tsalle zuwa sifili ko biyar ya dawo, waya ce ko at (wayar da ke haɗe da jikin mota) ko sensar kanta. In kuwa ya tashi daga wurin giya ta uku ya tsaya cak a tsakiya sannan ya koma, sensar gaskiya take faɗa, ganga ce ta maƙale a hanya.

Ɗan Gareji: Allah ya saka da alheri. Mun ɗaga saurin ɗauka mun sake fita. Ga abin da ya fito. Zagaye na farko ana shiga birki da bar 8. Zagaye na shida da 6.2, bayan sauka biyu ya koma 5.1. Kwamfaresa ba ta hutawa ko kaɗan daga zagaye na huɗu. Batir yana faɗuwa zuwa volt 12.1 in fanka ta tashi. Latsawa tana isa, umarni yana fita. Volt ɗin ganga a giya ta uku 2.6 ne, ta biyu 2.0, a saukar da ta ƙi ya motsa zuwa 2.5 kawai ya dawo. Totur ɗin na waya ne, ƙaramar silindar iska ce ke ɗan buɗe shi wajen sauka. Rabon giya ta uku 1.56, ta biyu 2.00.

Injiniya Mai Kwamfuta: To, ga ta nan a fili. Daga 2.6 zuwa 2.5 ganga ko barin giya ta uku ba ta yi ba. Ba shiga biyu ne ya gagara ba, fita daga uku ne.

Irin wannan giyabos ba shi da zoben daidaita gudu na motar gida. Haƙora ne manya a gefen zobe, waɗanda ake kira dog, suke faɗawa tsakanin haƙoran giya. An ɗan fafe gindinsu yadda in akwai nauyi a kai sai su ƙara riƙe juna. Lokacin birki taya ce ke jan inji, haƙoran suna danne a fuska ɗaya. Ɗan totur ɗin nan da ake bugawa aikinsa biyu ne, kuma na farkon mutane suka fi mantawa da shi: ya sauke nauyi daga kan haƙoran na ƙiftawar ido don zobe ya zare. Na biyu ne ɗaga juyi. A naka, in an bar uku a juyi 5,500 a minti, sai inji ya kai kusan 7,050 kafin biyu ta dace.

Da bar 5.1 abu biyu suka haɗu. Silindar totur ta yi rauni, ba ta buɗe da wuri ba, silindar giya kuma ba ta da ƙarfin fizge zoben da ke danne. Ka auna daga umarni zuwa lokacin da totur ya fara buɗewa, a zagaye na ɗaya da na shida, za ka ga tazarar. Kuma ina roƙonka, kada ka gyara lokutan a kwamfuta yanzu. In ka tsawaita totur don ya dace da iska maras ƙarfi, ranar da iska ta dawo daidai mota za ta riƙa zabura gaba a tsakiyar birki, direba ya wuce kwana.

Oga Waya: Volt 12.1 inji na aiki ba daidai ba ne. Lafiyayyen caji 13.5 zuwa 14.2 ake so. Kwamfaresa da ba ta samun isasshiyar wuta jan ƙafa take yi tana zafi. Sa mita a bakin kwamfaresar kanta tana aiki, ka gwada da na kan batir. Bambancin da ya wuce rabin volt yana nuna waya ta yi siriri, ko rile (makunnin da ke ba kwamfaresa wuta) ya ƙone a ciki, ko at ɗin ya yi tsatsa. Ka duba bel ɗin caja ma.

Baba Giyabos: Yara, duk kun yi daidai, amma ban sallami ƙarfe gaba ɗaya ba. Huɗu zuwa uku da yake cewa tana shiga da ƙyar, kowace irin wannan shiga tana gutsurar bakin haƙori. Ba sai an sauke ba: tsiyaye man giya da zafinsa ta cikin farin ƙyalle, ka dubi maganaɗisun da ke jikin murfin ƙasa. Laushin baƙin gari kamar kwalli ba komai. Ɓarɓashi mai ƙyalli da za ka ji a yatsa kamar tsakuwar shinkafa, wannan buɗewa ta kama.

Sai ka saki iska duka, ka cire kan silinda daga hannun giya. Hannun yana da sifirin da ke mayar da shi tsakiya. Ramin kan silinda ya zo daidai da nasa ba tare da ka ja ko ka tura ba. In ya kauce ko da milimita biyu ne, ɓangare ɗaya ba zai kai ƙarshen tafiyarsa ba. Ɗana, in za ka gwada a kan jak, wani ya riƙa juya taya da hannu. In taya na tsaye haƙori kan hau kan haƙori, silinda ta danna da kilo sittin, fok, wato ƙarfen da ke tura zobe, ya lanƙwashe. Yatsunka kuma nesa da hannun giya muddin akwai iska a tanki.

Ɗan Gareji: Baba, mun gode. Da zafi tanki yana zubar da bar ɗaya cikin minti biyu, ruwan omo ya yi kumfa a mahaɗar tiyon da ke zuwa bawul, taƙi ɗaya daga salansa. Tsakanin batir da kwamfaresa volt 0.9 ke ɓacewa. Man giya gari ne kawai a maganaɗisu.

Oga Iska: Yanke tiyon da reza a miƙe, ba da filaya ba, ka sa sabuwar mahaɗa, ka ɗauke shi daga salansa ka sa masa rigar hana zafi. Buɗe ƙasan tanki ka zubar da ruwan da ya taru, yana cin wurin iska. A canja waya da rile. In kun fita, ka duba abu biyu a zagaye na takwas: kwamfaresa tana samun hutu a kowane zagaye, kuma bayan sauka uku a jere matsin bai gaza bar 6.5 ba. In ya gaza duk da haka, tankin ne ya yi ƙanƙanta, a sa wanda ya fi shi.