Me za mu kira "bukimi no tani" da Hausa?

Jama'a ku taimaka min da wata kalma. Ina rubutu ne kan binciken da ake yi a Japan game da jikin ɗan Adam da mutum-mutumi, sai na ci karo da bukimi no tani, wanda Turawa ke cewa uncanny valley (tani da valley duk kwari suke nufi, irin na tsakanin duwatsu), kuma ba na so in bar shi haka a rubutun.

Maganar ta Masahiro Mori ce, farfesan fasahar mutum-mutumi a Tokyo, ya rubuta ta a 1970 a mujallar Energy. Cewa ya yi gwargwadon yadda mutum-mutumi ke ƙara kama da mutum haka mutane ke ƙara sakin jiki da shi, ana ta hawa ana ta hawa, amma da kamar ta kusa cika ba ta cika ba sai abin ya rikito ƙasa, ka ji ba ka ma son kallonsa. Misalin da ya bayar shi ne hannun roba da aka yi wa fata da farce har da zanen yatsu, ka miƙa hannu ku gaisa sai ka ji shi sanyi ƙalau kuma laƙwas ba ƙashi. Ya ce in abin yana motsi ma ya fi muni. Ku nemo bidiyon Geminoid, wanda Hiroshi Ishiguro na jami'ar Osaka ya ƙera a 2006 da siffarsa sak, ku kalli yadda yake ƙifta ido, za ku gane abin da ake nufi.

Wani ya ce min kwarin tsoro. Ban yarda ba, don ba tsoro ba ne irin na ganin maciji, ba ka gudu, kana tsaye kana kallo amma zuciyarka ta ƙi yarda. Ƙyama kuma ta yi nauyi, ta fi kusa da ƙazanta. Sannan shi kwari a rubuce matsala ne, mutanenmu da yawa ba sa sa lanƙwasa a waya, wani zai karanta ƙwari ya ɗauka maganar sauro ake yi. Gangare ma bai yi ba tunda a zanen da Mori ya yi na wannan hawa da rikitowar, layin yana sake hawa idan aka iso kan mutum mai rai.

Ni dai na fi karkata ga kwazazzabon tashin tsika, don abin da Bahaushe zai ce kenan in ya riƙe wannan hannun, tsikar jikina ta tashi. Tsawonsa ne kawai ke damuna. Mutanen Katsina da Sakkwato da Damagaram, akwai wata kalma guda a wajenku ta wannan yanayin?