Na ga maɓallin da idona, manhaja ta ce babu shi

Ɗan Misfala: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wani abu ya tsaya min tun bayan la'asar. Ina rubuta wa masaukin da nake aiki a nan Misfala, unguwar Makka, 'yar manhaja da harshen C#, a WinForms, wato tsarin zana tagogin manhajar Windows da ake kira fom. Kowane ɗaki na yi masa maɓalli a fom: daki101, daki102, har hawa na shida. So nake in baƙo ya shiga maɓallin ya koma ja, in ya fita ya koma kore. Lambar ɗakin daga rumbun bayanai take zuwa, sai in liƙa mata kalmar daki in nemi maɓallin a cikin Controls na fom ɗin, wato jerin abubuwan da ke kansa. Null yake ba ni kullum, wato babu komai, manhajar ta faɗi. Mudir, wato manajan masaukin, kuwa so yake a fara aiki da ita kafin Umrar azumi.

Injiniyan Jidda: Wa alaikumus salam. A kan fom ɗin kai tsaye suke, ko cikin wani abu ka zuba su?

Ɗan Misfala: Cikin TabControl ne Yaya, akwati mai shafuka, kowane hawa da shafinsa, wato TabPage.

Injiniyan Jidda: To nan gizo ke saƙar. Controls na fom 'ya'yansa na cikinsa kawai ya sani, bai san jikoki ba. Fom ya haifi TabControl, shi ya haifi TabPage, maɓallanka kuma suna cikin TabPage. Ka yi amfani da Controls.Find. Abu biyu yake karɓa: sunan, sai true ko false. Ka sa true, zai bi gida gida har ƙasa. Tun .NET 2.0 na 2005 yake nan. Amma ka kula, jeri yake dawo maka da shi, ba maɓalli guda ba. In bai samu komai ba jerin wayam ne, ka miƙa hannu ka ɗauki na farko manhaja ta sake faɗuwa. Duba tsawon jerin tukuna, sannan ka juya abin da ka samu zuwa Button. Babban harafi ko ƙarami bai dame shi ba, Daki101 da daki101 duk ɗaya ne a wurinsa.

Ɗan Misfala: Allahu Akbar, hawa biyar sun yi! Na shida ne ya ƙi.

Injiniyan Jidda: Yaya ka yi na shidan?

Ɗan Misfala: Daga baya aka ƙara shi, sai na ƙirƙiro maɓallan da kod maimakon in jawo su da linzami.

Injiniyan Jidda: Ba ka cika musu Name ba ke nan. Wanda ka jawo da linzami, Visual Studio, manhajar da kake rubuta kod a ciki, ita take rubuta masa Name a ɓoye. Wanda ka ƙirƙira da hannunka, sunan da ka kira shi da shi a kod bai shiga Name ba, sai ka sa da kanka. Kuma Find Name yake dubawa, ba rubutun da ke fuskar maɓalli ba.

Kawu na Riyad: Allah ya yi muku albarka. Kun tuna min da zamanin VB6, tsohon harshen Visual Basic. A can sai ka ba maɓalli ɗari suna guda, kowanne da lambarsa ta Index, ka kira wanda kake so. Da VB.NET ya fito a 2002 aka cire wannan, mu da yawa muka sha wuya kafin mu saba. Ni Delphi na koma, wani dandalin rubuta manhaja daban, har yau akwai manhajar sito da nake kula da ita a Delphi 7. A can FindComponent ne. Shi kuma ba ruwansa da inda abu yake zaune, mai shi yake tambaya. Parent daban, Owner daban. In ka ƙirƙiri maɓalli ka ce fanel ne mai shi, fom ba zai gan shi ba ko da yana tsakiyar allo. Wanda ke amfani da Lazarus, ɗan'uwan Delphi, ma ya riƙe wannan.

Malama ta Madina: Sannunku da ƙoƙari. Abin da Injiniya ya faɗa daidai ne, kuma zai fitar da kai yau. Amma ɗana, ni ba na son ka gina manhajar masauki a kan neman suna. Suna a nan rubutu ne kawai. Ran da wani ya canza daki305 zuwa wani abu, ko ya yi kuskuren harafi guda, Visual Studio ba zai ce uffan ba, manhaja za ta haɗu lafiya lau. Sai cikin dare, goman ƙarshe, motar mahajjata ta tsaya a ƙofa, sannan ɗaki ya ƙi canza launi. Yaron da ke istiƙbal, wurin karɓar baƙi, ya ga kore ya ba da ɗakin da ke da mutane a ciki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, iyali ne a ciki.

Tunda ka iya ƙirƙirar hawa na shida da kod, yi duka haka. Karanto ɗakuna daga rumbun bayanai, kowanne ka yi masa maɓalli, ka jefa shi cikin FlowLayoutPanel na hawansa ya jera kansa, a lokaci guda ka ajiye shi a Dictionary, wato ma'ajin da ake ciro abu da makullinsa, da lambar ɗakin a matsayin makulli. Gobe kana son 305, TryGetValue zai miƙo maka shi, in babu ya gaya maka babu. Lambar kuma ka sa ta a Tag, gurbin ajiya da kowane maɓalli yake da shi, duk maɓallan su yi tarayya a kod ɗin Click guda. Ko an ƙara hawa na bakwai ba ka taɓa fom ba.

Injiniyan Jidda: Na yarda da Malama. Sai dai wanda ya gaji fom da wani ya zana da akwatunan rubutu hamsin, ba shi da lokacin rushewa. Shi ya kira Find sau ɗaya lokacin buɗe fom, ya zuba sakamakon a Dictionary, in wani suna ya ɓace manhaja ta yi ƙara tun da safe.

Malama ta Madina: Wannan na karɓa.

Ɗalibin Zahran: Ƙarin bayani kaɗan, da izinin manya. Abubuwan menu ba sa cikin Controls, don ToolStripMenuItem ba Control ba ne. Su a Items.Find na MenuStrip ake nemansu. Timer ma Find ba ya ganinsa. Wanda ke WPF kuma, wani tsarin zana tagogi na Microsoft, FindName ne, amma abin da ka ƙara da kod sai ka yi masa RegisterName. A Qt, shi ma tsarin zana tagogi, findChild ne, da objectName yake aiki.

Kawu na Riyad: Madalla da ɗan Zahran. Ɗan Misfala, akwai wurin da ma'aikaci yake rubuta lambar ɗaki da hannu?

Ɗan Misfala: Akwai Kawu, akwatin bincike a sama.

Kawu na Riyad: To ka yi hattara da lambobin Larabci. Wakilin ayari zai turo ٣٠٥ ta WhatsApp, yaro ya kwafo ya liƙa. A idonmu 305 ne, amma int.Parse, mai juya rubutu zuwa lamba, ba ya karɓarsu. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya da char.GetNumericValue ka mayar da su kafin ka nema. Ka share sararin da ke gaba da baya ma.

Ɗan Misfala: Wallahi Kawu haka suke turowa, ban taɓa kawo shi a raina ba. Jazakumullahu khairan. Yanzu na sa Name a hawa na shida, duk sun yi. Bayan isha zan zauna in mayar da shi Dictionary yadda Malama ta ce. Malama, in na gama zan iya turo miki ki duba min?

Malama ta Madina: Turo nan zaure kowa ya amfana. Ka dai cire sunayen baƙi da lambobin fasfo ɗinsu kafin ka ɗauki hoton allo.