Kwana da jariri a gado ɗaya: ku gaya mana yadda kuka yi

Sabuwar mai jego, Kaduna:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Allah ya sauke ni lafiya, an samu 'ya mace, yanzu mun doshi arba'in. Kafin a sallame mu malamar asibiti ta ce in ajiye ta a ɗan gadonta kusa da nawa, kada in kwana da ita. Da na zo gida wanka, Inna ta ce ita ba ta taɓa jin inda aka raba jinjiri da jikin uwarsa da dare ba, mu tara ta haifa kuma duk a gefenta muka kwana. Gadon da aka saya yana nan an jibga masa kayan guga. Ba fatawa nake nema ba, abin da ya faru da ku nake son ji.

Uwar biyar, Funtuwa:
Barka da arziki, Allah ya raya. Duka nawa a jikina suka kwana har yaye. Gidan sauro ɗaya gare mu, wuta kuma ba kullum ba, in ce zan tashi cikin duhu ina lalube duk sanda yaro ya motsa ai wahala ce. Yana juyi zan ji, in ba shi nono ina kwance, mu koma barci. Amma ina da dokokina: ba filo kusa da shi, ba ya shiga tsakanina da babansa, kuma yayansa ba ya hawa gadon ko da kuka zai kwana.

Maman 'yan biyu, Amurka:
Ƙanwata, a nan ba a wasa da maganar. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta sabunta shawararta a 2022: ɗaki ɗaya, makwanci daban, aƙalla wata shida na farko. Jariri a rigingine, kan katifa mai tauri, babu bargo babu filo babu 'yar tsana. Tun da suka fara gangamin kwantar da jarirai a rigingine a 1994, mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci ta ragu da fiye da rabi a ƙasar, shi ya sa ba na raina maganarsu. Ni na jingina gadajensu da nawa, hannu kawai nake miƙawa. Na wahala, ba zan ɓoye ba, musamman da ba ni da mai taya ni. Amma su biyu ne kuma ƙanana aka haife su, zuciyata ba ta ba ni in haɗa su da jikina cikin wannan gajiyar ba.

Matar ɗalibi, Ingila:
Abin mamaki mu nan salon daban ne. Ma'aikaciyar da take zuwa gida duba mai jego ba ta ce min "kada" ba, tambayata ta yi a ina yaron yake kwana. Ƙa'idar da hukumar lafiyarsu ta fitar a 2021 ta ce a tattauna da iyaye yadda za a rage haɗari, don sun san ko an hana, da yawa barci zai kwashe su da yaro a hannu. Inda ta ɗaure fuska wuri kaɗan ne: idan ɗayanmu yana shan taba, ko ya sha giya ko maganin da ke sa barci, ko an haifi yaron kafin ciki ya kai sati 37, ko nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba, to sam kada a haɗa gado. Sai kujera. Ta ce barci da jariri a kan doguwar kujera ya fi na gado haɗari nesa ba kusa ba, domin yana zamewa ya maƙale tsakanin jikinki da kushin. Wadda take tsoron gado ta koma falo shayarwa da tsakar dare, ta gudu ne ba ta tsira ba.

Hajiya Babba, Zariya:
'Ya'yana, ku bar ni in faɗi wadda ba a son faɗa. Duk wanda ya daɗe a duniya ya ji an ce wance ta danne ɗanta. A layinmu an yi, yarinya ce haihuwar fari, daren suna ta kwanta a gajiye bayan hidimar baƙi, ga ƙanwar mijinta a gadon, ga tulin zannuwan barka. Da asuba aka ga babu rai. Aka ce kwana ya ƙare, kuma haka ne, ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma Allah bai hana mu kiyayewa ba. Masu cewa "iyayenmu sun yi ba abin da ya faru", abin ya faru, shiru ake yi don kada a ƙara wa uwa ciwo. Kuma ku tuna mu a kan tabarma ko katifar rimi mai tauri muka yi goyo, ba wannan soson da mutum yake nutsewa ciki ba.

Wani uba, direban babbar mota:
Ku yi haƙuri na shigo zancen mata. Ni in na dawo daga Legas, ko ganga aka buga a kaina ba na ji. Maiɗakina ce ta yanke hukunci, katifa ta shimfiɗa min a ƙasa har yaron ya yi wayo. Ban ji haushi ba. Uwa tana jin motsin ɗanta cikin barci, ni kam ban san ma yana wurin ba.

Ungozoma a asibitin gwamnati:
Malam, Allah ya saka wa maiɗakinka. Ni abin da na fi gani a wajenmu ba giya ba ce, zafi ne da hayaƙi. Hunturu na shigowa sai a sa wa jariri hula da safa da rigar sanyi, a naɗe shi da shawul, a rufa masa bargon manya, a rufe taga, a kawo kaskon gawayi, a ɗora turaren wuta. Yawan ɗumi kansa haɗari ne, hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki kuwa har babba yana kashewa. Ki taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa, in da gumi ki rage kaya, kuma a cire hula lokacin barci a ɗaki. Sai maganin mura da na tari da ake saya a kemis, da yawansu suna sa barci mai nauyi. Daren da kika sha, yaro ya kwana a nasa wurin. Watanni huɗun farko su ne mafi hatsari. Kuma duk inda zai kwana, gidan sauro ya rufe shi, kada a gyara wani a ɓata wani.

Uwar biyar, Funtuwa:
Anti, wannan rigingine fa? Mu an koya mana a kifa shi ko a kwantar da shi ta gefe, kada tumbuɗi ya shaƙe shi.

Ungozoma a asibitin gwamnati:
Tambayar da kowace kaka take min ke nan. Lafiyayyen jariri yana haɗiyewa ko ya yi tari ya fitar, kuma a rigingine hanyar iska tana sama da ta abinci, don haka abin da ya taso baya yake komawa. Ruf da ciki shi ne matsala, hanci ya nutse a katifa, wuyansa kuma bai yi ƙwarin ɗagawa ba. Ta gefe kuma mirginawa yake ya kifu. Ki bar ruf da ciki sai yana farke kina kallonsa.

Sabuwar mai jego, Kaduna:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Inna maganar Hajiya Babba, ta yi shiru, sannan ta ce a sauke kayan gugar. Sai dai katifar ɗakin da nake ta lotsa a tsakiya, ko na ajiye ta a gefe sai ta gangaro wajena. In na ɗauko ta shan nono da dare yaya zan yi?

Ungozoma a asibitin gwamnati:
A wannan katifar kam kada ki bari barci ya ɗauke ku tare. Ki tashi Inna ta zauna da ke har ta ƙoshi, ki mayar da ita gadonta. In kin koma ɗakinki ki duba taki katifar, da ramin da ke tsakanin gado da bango, kafin ki yanke shawara.