Tallafin gwamnati na sola: hannun wa yake shiga?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum. Ƙanƙara da zoɓo nake sayarwa a Funtua, firiza biyu. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, janareta ke cinye ribar, ga wuta sai ta ga dama. Na ji a rediyo wai gwamnati na tallafa wa masu son sola. Don Allah ina ake cike fom?

Injiniya: Wa'alaikumussalam Hajiya. Tallafin gaskiya ne, amma ba a hannunki za a danƙa kuɗin ba. Hukumar samar da wutar lantarki a karkara, wato REA, ce ke tafiyar da shirin tallafin, mai suna DARES, da rancen dala miliyan 750 daga Bankin Duniya. Kamfanonin sola da suka yi rajista ake biya, su ma sai an tabbatar sun haɗa wa mutane wutar. Ke abin da zai iso gare ki shi ne sauƙin farashi ko biya kaɗan-kaɗan. Ki tambayi kamfani ko yana cikin shirin.

Ɗan Kasuwa: Hajiya ki yi hattara da masu turo saƙo a WhatsApp suna neman kuɗin fom. Damfara ce zalla.

Injiniya: Wani abu kuma, firiza biyu ba ƙaramin kaya ba ne. Farantin sola bai kai batir tsada ba, batirin ne ke karya aljihu. Ki daskarar da ƙanƙararki da rana tsaka lokacin da farantin ke kawo wuta sosai, da dare ki rufe firiza kada a yi ta buɗewa. Haka za ki rage yawan batir.

Maman Khalifa: Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan fara da firiza ɗaya tukuna.